Gudu Suka Yi ko Korarsu Aka Yi? Inda Gardamar Masana Tarihi Ta Tsaya Kan Rikicin Isra'ila da Larabawa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake kan hanya ya adana shi sai ya samu zama.

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, duk sanda aka tayar da maganar Falasɗinu a dandalin nan, akwai amsoshi biyu da ba sa ɓacewa. Wani zai ce ai faɗan nan tun zamanin Annabi Isma'ila da Annabi Ishaƙu ake yinsa, ba shi da ranar ƙarewa. Wani kuma zai ce Larabawa ne suka sayar da ƙasarsu da hannunsu, suka gudu da ƙafarsu, yanzu kuma suke kuka. Duka maganganun biyu masana tarihi sun daɗe da ɗora su a sikeli, Yahudawa daga cikinsu da Larabawa da Turawa, kuma sun yi rigima a kai har da zuwa kotu. Abin da nake son kawowa shi ne inda gardamar tasu ta tsaya: me aka riga aka daddale, me kuma ya rage ana ja-in-ja a kai.

DAGA WACE SHEKARA ZA A FARA LISSAFI?

Mu fara da batun daɗaɗɗiyar gaba. Masana kaɗan ne ƙwarai suke ɗaukar ta a matsayin tushen rikicin. A 1492 da Sifaniya ta kori Yahudawanta, Daular Usmaniyya ce ta buɗe musu ƙofa a zamanin Sarki Bayazid na Biyu. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, likita ne a fadar Salahuddin a Alƙahira. Ba cewa nake zaman ba shi da tabo ba. Bayahude zimmi ne mai biyan jiziya, matsayinsa ƙasa da na Musulmi, kuma an yi kashe-kashe irin na birnin Garanada a 1066. Amma Mark Cohen na jami'ar Princeton, wanda ya kwatanta zamansu a ƙasashen Musulmi da zamansu a Turai a wancan zamani, ya nuna cewa ukubar Turai ta fi nesa ba kusa ba. Wajen 1880, Yahudawan Falasɗinu ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, akasarinsu masu ibada ne a Ƙudus da Hebron da Safad da Tabariyya, kuma ba wanda yake yaƙi da su a kan ƙasa.

Abin da ya canza lissafin daga Turai ya taso. Kisan gillar da aka riƙa yi wa Yahudawa a daular Rasha daga 1881 ya sa rukunin farko na masu ƙaura suka fara sauka Falasɗinu a 1882. Theodor Herzl, ɗan jarida a Vienna, ya fitar da littafinsa na neman ƙasar Yahudawa a 1896, ya kira babban taron farko na Sahayoniyanci a birnin Basel a 1897. Shi kansa Herzl ba mai riƙo da addini ba ne. Malaman Yahudawa da yawa sun yi adawa da shi, har ma taron da aka so yi a Munich sai da aka ɗauke shi saboda ƙin amincewarsu. A 1903 Ingila ta yi musu tayin fili a Gabashin Afirka, cikin ƙasar Kenya ta yanzu, suka yi muhawara a kai kafin su yi watsi da shi a 1905.

Ta ɓangaren Larabawa kuwa, waɗanda suka fara ɗaga murya a jarida Kiristoci ne. Najib Nassar ya kafa al-Karmil a Haifa a 1908, Issa al-Issa ya kafa Filastin a Jaffa a 1911. Da faɗan Musulmi da Bayahude ne zalla, me ya kai waɗannan gaba-gaba? Kuma su mutanen lokacin sun san abin da ake ciki. A 1891 marubucin Yahudawa Ahad Ha'am ya ziyarci ƙasar, ya koma ya gargaɗi 'yan uwansa cewa ba kango ba ce, da mutanenta. A 1899 tsohon magajin garin Ƙudus, Yusuf Diya al-Khalidi, ya aika wasiƙar da ta isa hannun Herzl, yana roƙon a ƙyale Falasɗinu domin tana da masu ita. A 1923 Jabotinsky, kakan aƙidar jam'iyyar Likud ta yau, ya rubuta ƙarara cewa ba a taɓa samun 'yan ƙasa da suka yarda baƙi su gaje ƙasarsu da son ransu ba, don haka sai an gina ƙarfin da Larabawa za su fidda rai da karya shi.

To a nan ne gardamar farko take, domin shekarar da masani ya fara lissafi da ita, ita take nuna wanda zai ɗora wa laifi. Gershon Shafir, masani ɗan Isra'ila, ya fara daga 1882, ya ce tushen yana cikin sayen gona da manufar ɗaukar lebura Bayahude kaɗai. Rashid Khalidi ya fara daga 2 ga Nuwamba 1917, ranar Sanarwar Balfour, inda Ingila ta yi wa Yahudawa alƙawarin gida a ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta Larabawa ne, ba tare da ta kira su da sunansu ba ma. Shi da masu ra'ayinsa suna kiran abin mulkin mallaka na 'yan kama-wuri-zauna. Hillel Cohen ya ce shekarar 1929 ce, lokacin rikicin bangon Buraƙ, inda aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116, kuma a Hebron kaɗai aka kashe Yahudawa 67 daga cikin tsofaffin mazauna. Daga nan ne, in ji shi, Bayahuden gida mai jin Larabci ya koma sahun baƙin Turai. Efraim Karsh kuma ya ce tushen shi ne ƙin amincewar shugabannin Larabawa da duk wani sulhu, daga shawarar kwamitin Peel ta raba ƙasa a 1937 zuwa ta 1947. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa kalmar mulkin mallaka ba ta dace da mutanen da suke da daɗaɗɗiyar alaƙa da ƙasar ba, waɗanda kuma gudun mutuwa ya kawo su, musamman bayan hawan Hitler a 1933 da kisan Yahudawa miliyan 6.

Wani abu da zai ba mu sha'awa mu 'yan Arewa: Lugard ɗin nan namu, bayan ya bar Najeriya, shi ne ɗan Ingila a kwamitin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya mai sa ido kan ƙasashen riƙon amana, daga farkon shekarun 1920 zuwa 1936. Rahotannin mulkin Falasɗinu ta gabansa suke bi.

Batun sayar da ƙasa kuwa, alƙaluman ba su goyi bayan yadda ake yaɗa shi ba. Har zuwa 1947, filin da yake hannun Yahudawa bai kai kashi 7 cikin 100 na Falasɗinu ba. Kaso mai tsoka daga ciki manyan masu ƙasa da ke zaune a waje ne suka sayar, irin gidan Sursock na Beirut da suka sayar da fadamar Marj Ibn Amir a farkon shekarun 1920, aka tashi manoman da suke noma ta tun kaka da kakanni. Gaskiya ne akwai manyan Falasɗinawa da suka sayar a ɓoye suna zagin masu sayarwa a fili, masana sun tabbatar da haka. Amma kashi 7 bai zama kashi 78 ta hanyar ciniki ba. Yaƙin 1948 ne ya yi wannan, kuma a kansa aka yi gardama mafi zafi.

LABARIN DA AKA KOYAR SHEKARA TALATIN

A ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba ƙasar, ƙasashe 33 suka amince, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. An ba Yahudawa kusan kashi 55 cikin 100, alhali su ne kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Shugabanninsu suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Yaƙi ya fara tsakanin mazauna, sannan a 15 ga Mayu 1948, kwana ɗaya bayan ayyana Isra'ila, sojojin ƙasashen Larabawa suka shigo. Da ƙura ta lafa a 1949, Isra'ila tana riƙe da kashi 78, kuma Falasɗinawa 700,000 zuwa 750,000 sun zama 'yan gudun hijira. Kusan 150,000 ne suka rage a ciki.

Labarin da Isra'ila ta koyar a makarantu kuma duniyar Yamma ta haddace shi ne: ƙaramar al'umma ta fuskanci rundunoni masu ɗimbin yawa ta yi nasara kamar mu'ujiza, Falasɗinawa kuma shugabanninsu ne suka umarce su ta rediyo su fice su ba sojoji hanya. Falasɗinawa tun ranar farko sun ce korarsu aka yi. Walid Khalidi ya rubuta haka tun 1959, ya kuma fito da bayanin Shirin Dalet a 1961. A shekarar 1961 ɗin, ɗan jaridar Ireland Erskine Childers ya bi kundin da BBC ta naɗa na shirye-shiryen gidajen rediyon yankin na 1948, bai samu umarnin ficewa ko ɗaya ba, sai ma kiraye-kirayen a zauna. Amma ba a saurare su ba, domin ana ganin mai ƙara ne yake ba da shaida a shari'arsa.

RANAR DA AKA BUƊE FAYIL

Isra'ila ta ɗauki tsarin buɗe takardun gwamnati bayan shekara 30, irin na Ingila. Daga ƙarshen shekarun 1970 takardun 1948 suka fara fitowa, wasu matasan masana suka shiga rumbun suka zauna. A 1987 da 1988 littattafai huɗu suka fito kusan a jere, na Simha Flapan da Benny Morris da Avi Shlaim da Ilan Pappé, dukkansu Yahudawan Isra'ila. Su ake kira Sababbin Masana Tarihi.

Kan batun ƙarfin soja, Shlaim ya nuna cewa a tsakiyar Mayun 1948 Isra'ila tana da mayaƙa kusan 35,000, Larabawan da aka turo fagen daga ba su kai 25,000 ba, kuma zuwa Disamba na Isra'ila sun haura 96,000, ga makaman da suka samu daga Czechoslovakia. Wannan bai sa yaƙin ya zama wasa ba, don Isra'ila ta rasa mutum kusan 6,000, wato ɗaya cikin ɗari na jama'arta. Shlaim ya kuma bi diddigin ganawar sirri da Golda Meir ta yi da Sarki Abdullah na Jordan a Nuwamban 1947, ya ce sun fahimci juna cewa sarkin zai ɗauke yankin da aka ware wa Falasɗinawa. Masu sukarsa sun ce in haka ne, me ya kawo ƙazamin faɗan da sojojin Jordan suka yi da Isra'ila a Latrun da tsohon birnin Ƙudus? Har yau ana wannan jayayya, amma ganawar kanta ba mai musunta ta.

Wanda ya fi girgiza jama'a shi ne Morris. Ya bi gari-gari, ƙauye-ƙauye, kusan 370, yana rubuta dalilin tashin kowanne. Ya kuma tono rahoton sashen leƙen asirin sojan Isra'ila na ƙarshen Yunin 1948, wanda aka rubuta don amfanin cikin gida. Rahoton ya danganta kusan kashi 70 cikin 100 na ficewar zuwa lokacin ga hare-haren mayaƙan Yahudawa, ya ba umarnin shugabannin Larabawa kashi 5 kacal. Kun ga wannan ba Balarabe ne ya faɗa ba. Sannan kafin rundunonin ƙasashen Larabawa su tsallako iyaka a 15 ga Mayu, mutum 250,000 zuwa 300,000 sun riga sun bar gidajensu. A cikin wannan lokaci ne aka yi kisan Deir Yassin, ranar 9 ga Afrilu, inda mayaƙan Irgun da Lehi suka kashe mutum fiye da 100. A lokacin an yaɗa cewa 254 ne, kowane ɓangare ya zuzuta adadin don amfanin kansa, kuma masu binciken jami'ar Birzeit ta Falasɗinawa ne da kansu suka gyara lissafin daga baya.

Hukuncin Morris shi ne yaƙi ne ya haifi matsalar, bai ga wani shiri guda da aka tsara tun farko na korar kowa da kowa ba. Masu hali sun fara ficewa tun Disamban 1947, wasu tsoro ya kore su, wasu harsashi, wasu kuma an tasa ƙeyarsu da umarni.

Sai aka taso masa ta gaba da baya. Shabtai Teveth, marubucin tarihin Ben-Gurion, da Efraim Karsh suka ce ya murɗe takardu. Babbar hujjar Karsh ita ce Haifa, inda a Afrilun 1948 magajin gari Bayahude, Shabtai Levy, ya roƙi wakilan Larabawa su zauna, su kuma suka zaɓi a kwashe jama'a. Masu mayar masa da martani suka ce a lokacin da ake wannan zama, ruwan rokoki ya riga ya tura mutane bakin tashar jirgin ruwa. An yi shekaru ana faɗa a kan wasiƙa ɗaya da Ben-Gurion ya rubuta wa ɗansa Amos a Oktoban 1937, saboda wani layi da aka soke da alƙalami. In ka karanta da kalmomin da aka soke, ma'anar ita ce ba a bukatar korar Larabawa. In ka tsallake su, ma'anar ta koma dole a kore su.

Ta ɗaya gefen, Nur Masalha da Norman Finkelstein suka ce hujjojin Morris sun fi hukuncinsa ƙarfi. Masalha ya tattaro yadda shugabannin Sahayoniya suka shafe shekarun 1930 da 1940 suna tattauna kwashe Larabawa, har da kafa kwamitoci. Pappé ya ƙarasa a littafinsa na 2006, ya ce Shirin Dalet na 10 ga Maris 1948 shi ne taswirar kakkaɓe al'umma daga ƙasarta. Morris ya ce a'a, shirin soja ne na tsare hanyoyi da iyakoki kafin shigowar rundunonin Larabawa, duk da ya yarda shirin ya ba kwamandoji damar rusa ƙauyen da ya yi turjiya su kori mutanensa.

ABIN DA AIKIN OFIS YA KOYA MINI KAN WANNAN

A nan zan sa baki a matsayina na wanda ya daɗe yana juya fayil. Duk ma'aikacin gwamnati ya san ba kowane umarni ake rubutawa ba. Wanda oga yake alfahari da shi, shi yake sa wa hannu. Wanda ba ya son a gan shi a ciki, a baki yake zuwa, ko a ce maka "ka san abin da ya dace". Saboda haka rashin takarda ba ya wanke kowa, kamar yadda ba ya kama kowa. Abin da ake dubawa shi ne me ya faru a ƙasa, wa aka hukunta, wa aka ƙara wa girma.

Misalai biyu na watan Yulin 1948 sun isa. A Lidda da Ramla an fitar da mutum 50,000 zuwa 70,000, mutanen Lidda a ƙafa cikin zafin bazara, wasu suka mutu a hanya. Yitzhak Rabin ne ya sa hannu a takardar umarnin. Da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa a 1979, ya ba da labarin cewa an tambayi Ben-Gurion yadda za a yi da mutanen, shi kuma ya yi nuni da hannu alamar a fitar da su. Kwamitin ministoci mai tace littattafai ya cire wannan sashe, sai mai fassarar littafin, Peretz Kidron, ya miƙa wa jaridar New York Times. Kwanaki kaɗan bayan Lidda, garin Nazarat ya miƙa wuya. Aka zo wa kwamandan da ya karɓi garin, Ben Dunkelman, Bayahude ɗan Kanada, da umarnin baki cewa ya kwashe mutanen. Ya ƙi, aka nemi a kawo umarnin a rubuce, takardar ba ta zo ba. Shi ya sa har gobe Nazarat garin Larabawa ne a cikin Isra'ila.

Amma ga inda nake ganin gardamar "gudu ko kora" take ɓatar da mutane. Farar hula a kowane yaƙi gudu suke yi, mu ma mun ga haka a Arewa maso Gabas. Mai gudun yaƙi niyyarsa ya dawo in ƙura ta lafa, shi ya sa Falasɗinawa da yawa suka kulle ƙofa suka tafi da makulli. Abin da ya mayar da gudun makonni ya zama na shekara 70 da ɗoriya shi ne hana dawowa, kuma wannan kam a rubuce yake, ba masanin da yake musunsa. A zaman majalisar ministoci na 16 ga Yuni 1948, Ben-Gurion da Moshe Sharett sun tsaya kan cewa ba za a bari su dawo ba. Aka bi ƙauyuka ana rushewa ko ana zuba sababbin baƙi. Walid Khalidi ya lissafa 418 da sunayensu. Mai shiga tsakani na Majalisar Ɗinkin Duniya, Folke Bernadotte, wanda ya nemi a bar su su koma, 'yan Lehi suka harbe shi a Ƙudus a 17 ga Satumba. Ƙuduri mai lamba 194 na Disamban 1948 ya ce a bar mai son komawa ya zauna lafiya da maƙwabtansa ya koma. A 1949 Isra'ila ta yi tayin karɓar 100,000, Larabawa suka ce ya yi kaɗan, maganar ta mutu. A 1950 aka yi dokar da ta miƙa dukiyar waɗanda ba sa nan ga hukuma. Morris ya ƙiyasta cewa tsakanin 1949 da 1956 an kashe masu satar tsallaka iyaka 2,700 zuwa 5,000, mafi yawansu ba su da makami, amfanin gona ko kayan gida ko dangi suka koma nema.

Hujjar Isra'ila ita ce ba ƙasar da za ta dawo da al'ummar da ta yaƙe ta jiya, kuma dawowarsu na nufin ƙarshen rinjayen Yahudawa. Mutum zai iya karɓar wannan hujja ko ya ƙi ta, amma ta tabbatar da cewa shawara ce aka yanke. In kana son ganin alaƙar wannan da labaran yau, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Gaza 'yan gudun hijirar 1948 ne da zuriyarsu. Birnin Ashkelon da kuke ji a labarai shi ne al-Majdal, kuma sauran mutanensa an kwashe su zuwa Gaza a 1950, bayan yaƙi ya ƙare.

SANIN GASKIYA DABAN, HUKUNCI DABAN

Benny Morris ya taɓa yin makonni uku a kurkuku a 1988 saboda ya ƙi aikin soja a yankunan da aka mamaye. Bayan rushewar tattaunawar Camp David a 2000 da hare-haren ƙunar baƙin wake da suka biyo baya, sai ya juya. A Janairun 2004 ya sake fitar da littafinsa da ƙarin hujjojin kisan kiyashi da fyaɗe fiye da na farko, kuma a watan ya gaya wa jaridar Haaretz cewa ba don korar ba da ba a samu Isra'ila ba, kuskuren Ben-Gurion ma shi ne bai ƙarasa aikin ba. A 2008 ya ƙara da cewa ɓangaren Larabawa jihadi suka ɗauki yaƙin, ra'ayin da Shay Hazkani ya ƙalubalanta bayan ya karanta wasiƙun sojojin ɓangarorin biyu. Takardun ba su canza ba, mai karanta su ne ya canza. Pappé kuma ya bar jami'ar Haifa ya koma Exeter a Ingila a 2007, shi da Morris yanzu ba sa ga maciji.

Akwai kuma tambayar wa ake yarda da shaidarsa. A 1998 wani ɗalibi a Haifa, Teddy Katz, ya rubuta kundin digiri na biyu kan kisan da ya ce an yi a ƙauyen Tantura, bisa hirar baka da tsofaffi. Tsofaffin sojojin suka kai shi kotu a 2000, ya sa hannu a takardar janyewa, ya dawo ya ce matsa masa aka yi. A 2022 wani fim ya fito inda wasu daga cikin sojojin suka yi maganar kisan da bakinsu. Wanda aka kora ba ya tafiya da rumbun takardu, kuma ɗan abin da Falasɗinawa suka tara a cibiyar bincikensu ta Beirut, sojan Isra'ila ya kwashe a 1982, sai a musayar fursunoni ta 1983 aka mayar. A 2019 Haaretz ta bankaɗo cewa wani sashe na ma'aikatar tsaron Isra'ila yana bin rumbuna yana sake kulle takardun 1948, har da rahoton leƙen asirin nan da Morris ya riga ya wallafa bayaninsa.

Kada kuma mu ɗauka ɓangaren Larabawa fes yake. Takardun 1948 na ƙasashen Larabawa mafi yawansu har yau a kulle suke. Constantin Zureiq, malamin jami'a ɗan Siriya wanda ya raɗa wa abin suna Nakba tun a 1948, kan Larabawa ya fi sauke fushinsa saboda rarrabuwa da rashin shiri. Rashid Khalidi ya nuna yadda gabar gidan Husseini da gidan Nashashibi, da murƙushe boren 1936 zuwa 1939 da Ingila ta yi, suka bar Falasɗinawa ba shugabanci ba makami. Mufti Amin al-Husseini ya gana da Hitler a Nuwamban 1941, wannan tabo ne na gaske, duk da masana sun yi fatali da iƙirarin Netanyahu na 2015 cewa muftin ne ya ba Hitler shawarar kisan. Jordan ta haɗe Gaɓar Yamma a 1950, Masar ta riƙe Gaza har 1967, ba wadda ta kafa wa Falasɗinawa ƙasa. Sannan Yahudawa kusan 800,000 sun bar ƙasashen Larabawa a shekarun da suka biyo baya, wasu don aƙida, da yawa don tsangwama da ƙwace dukiya. Iraƙi kaɗai ta rasa kusan 120,000 a 1950 da 1951, cikinsu har da iyalin Avi Shlaim, wanda aka haifa a Bagadaza. Isra'ila tana cewa musayar jama'a aka yi, Falasɗinawa suna cewa ba su suka kori kowa daga Bagadaza ba, don me za a biya bashin da gonakinsu?

Ni dai abin da na fahimta shi ne, tushen rikicin nan bai kai shekara 150 ba. Mutanen da Turai ta ƙuntata wa suka nemi mafaka da ƙasa a wurin da yake da masu shi, daular Ingila ta ɗaure musu gindi, kuma ba yadda za a yi ƙasa mai rinjayen Yahudawa ta tsaya a wurin ba tare da an rage Larabawa ba. Addini ya shigo ya ƙara wa wutar fetur ta kowane ɓangare, musamman kan Masallacin Ƙudus, amma gona da gida da 'yancin komawa su ne a ƙasan tukunyar. Masana sun kusa haɗuwa kan abin da ya faru a 1948. Inda suka rabu shi ne niyya, da kuma ko abin da aka yi halal ne don tsira ko zalunci ne da ake bin bashinsa.

Roƙona ga masu tura saƙonni shi ne mu daina jingina da labaran da ba su da shekara, ba su da wuri, ba su da mai faɗa. Wanda yake goyon bayan Falasɗinawa ba ya bukatar ƙari, abin da ke cikin fayilolin Isra'ila kaɗai ya ishe shi hujja, kuma ƙarya ɗaya da aka kama ka da ita tana zubar da gaskiya goma. Wanda kuma yake ganin abin da ido na daban, ya zo da shekara da sunan gari mu tattauna cikin mutunci, zagi ne kawai ba zan bari a ƙarƙashin rubutun nan ba.

Allah ya kawo ƙarshen zubar da jinin bayinsa, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan wanda muke so.